'Yar Kalmar da Yatsana Ya Tsallake

Shimulgeria, 9 ga watan Srabon

Zuwa ga jikata Tuni,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fata kina lafiya kamar yadda muke. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, tun da damina ta sauka take mita. Uwarki lafiya lau, sai faɗa da agwagi. Tafkin bayan gida ya cika har ya taɓo gindin ayaba.

Ki dubi rubutun nan da kyau, hannuna ne. Malama Shefali ba ta sa mini ko ɗigo ba. Shekara biyu ke nan ina zama a bencin yara bayan magariba a ajin yaƙi da jahilci, ni mai shekara saba'in da ɗaya. Hannun da ya shekara hamsin yana zana damisa bai taɓa rawa ba, amma da ya zo kan harafi sai ya kama makyarkyata. Kin yi mini alkawarin in na iya za ki riƙa amsa mini da takarda. To, na iya. Waya ba ta da sirri a gidan nan. Da kin kira, uwarki za ta danna abin nan mai ɗaga murya, tsakar gida duk ta taru, har akuya.

Uwarki ta ce Madam Sehgal, mai gidan nunin zanen da kike wa aiki a Delhi, za ta ba ki ɗaki guda ke kaɗai a ƙarshen watan Kartik, zane goma sha biyu, da sunanki a ƙofa. Tuhina Chitrakar! Sau bakwai na rubuta sunan a allon aji, har Malama ta ce in bar wa wasu alli. Ubana ƙauye-ƙauye ya yi ta bi da naɗin pat, doguwar takardar zanenmu, a kafaɗa, yana warware takardar kaɗan-kaɗan yana rera labarin da ke jikinta. Wani gida a ba shi mudun shinkafa, wani gida a sakar masa kare. Yau ga jikar ɗansa da ɗaki a birni. Na kasa cin abinci ranar, don murna.

Abu ɗaya uwarki ba ta faɗa mini ba. Wace waƙa kika ɗora wa zanen? Ki rubuto mini ko baiti ɗaya ne. Kin san tsarin gidanmu, baki ke gaba, hannu na biye.

Kakanki,
Hashmot Chitrakar

Delhi, 27 ga watan Srabon

Dadu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Na samu wasiƙarka, na karanta sau biyu, na yi dariyar akuya. Rubutunka ya fi na likita kyau. Ka riƙa shafa man mustad da tafarnuwa a gwiwar, kada ka jira sai Ma ta yi faɗa. Ni lafiyar jikina ƙalau.

Takardu goma sha biyun suna nan jingine da bango. Su nake fara gani in na farka.

Dadu, na gama da zane. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ko Madam. Kai kaɗai na iya rubuta wa, don Allah ka riƙe a cikinka.

Ina da roƙo ɗaya. Ka aiko mini da tsohon pat ɗinka na ambaliya, wanda ka yi shekarar da kogi ya fasa ganuwa. Ina bukatarsa kusa da ni.

Maganar waƙa, a nan ba a tambayarta.

Jikarka,
Tuni

Shimulgeria, 8 ga watan Bhadro

Tuni, 'yar albarka,

Gaisuwa da addu'a. Kowa lafiya. Gwiwar ma tun da na karanta wasiƙarki ta yi shiru, har na yi tsalle a tsakar gida, uwarki ta ce, "Baba, in ka karye ni ba zan ɗauke ka ba!"

Kin gama! Goma sha biyu, saura wata biyu da rabi a buɗe ɗakin! Ni ko a ƙuruciyata ban yi wannan sauri ba.

Kin ce in riƙe a cikina. Wallahi na riƙe, tun hantsi har la'asar. Sai na je shagon shayi na tarar da Gofur, abokin ajina, wanda ya bar pat ya koma zana kifi a jikin butoci da laimomi don 'yan yawon buɗe ido. Yana ganina ya ce, "Hashmot, yaya mutuniyar birni? Ko ita ma ta koma zanen buta irina?" Na ce, "Jikata ta gama goma sha biyu, kai kana nan kana fenta murfi." Ya ce, "Ƙarya kake, tsohon banza, kai da ba ka bambanta harafi da sawun kaza." Na zaro wasiƙar daga aljihu na kaɗa masa a hanci. Ban bari ya taɓa ba, hannunsa duk mai.

Kafin magariba ƙauye ya ji. Uwarki ta dafa kifi ta raba wa maƙwabta. Yanzu mutum goma sha ɗaya sun ce sai sun zo Delhi sun gani da idonsu, har da Gofur, wai zai zo ya ƙirga da kansa. An je tasha an yanki tikiti. An ɗinka mini sabuwar riga fara. Matan lungunmu suna koyon waƙar da za su tarbe ki da ita a ƙofar ɗakin.

Ga pat na ambaliya nan na ba Sukumar direban mota ya kai gidan waya, na naɗe shi da leda biyu saboda ruwa. Na gane abin da kike nufi. Kina so tsoho ya tsaya kusa da sababbi ya sa musu albarka. Ban yi zaton za ki tuna da shi ba.

Kin ce ba a tambayar waƙa a can. Ni dai ina tambaya.

Kakanki mai murna,
Hashmot

Shimulgeria, 2 ga watan Ashwin

Tuni,

Muna lafiya, ina fata ke ma haka. Kwana ashirin da huɗu babu takardarki. Mai kawo wasiƙu yanzu daga nesa yake girgiza mini kai, ba ya ma sauka daga keke. Uwarki ta kira ki jiya, kowa ya taru yana ihun barka, ke kuma kika ce "to" sau uku kika ce kina sauri. Sun ce gajiya ce. Ni na ji muryar, ba ta gajiya ba ce. Pat ɗin ya iso? Ko na yi miki wani laifi ne? In don na faɗa wa mutane ne, ki yafe wa tsoho, murna ce ta fi ƙarfin cikinsa.

Kakanki

Shimulgeria, 6 ga watan Ashwin

Tuni, jikata,

Ina gaisuwa. Jiki lafiya, amma ban san yadda zan fara wannan takarda ba. Na ɓata uku kafin ita.

Shekaranjiya Malama Shefali ta ce kowa ya zo da abin da zai karanta a gaban aji. Wasu sun zo da takardar asibiti, Gofur ya zo da ledar taki. Ni na zo da wasiƙarki, ina tafe ina hura hanci. Malama ta ce, "Dadu, a hankali, yatsa a ƙarƙashin kowace kalma, kada ka karanta daga ka." Na sa yatsa. Na karanta, na. Na karanta, gama. Sai yatsana ya sauka a kan wata 'yar kalma mai harafi biyu da ban taɓa gani a wurin ba. Da. Na ɗaga yatsa, na mayar, tana nan.

Na ce, "Malama, wannan fa? Wa ya sa ta?" Ta leƙo, ta karanta layin a zuciyarta, sai ta rage murya ta ce, "Tun farko tana nan, Dadu. Ba cewa ta yi ta gama zane ba. Cewa ta yi ta gama da zane."

Sau goma na karanta wasiƙar nan a gida, Tuni, kuma sau goma idona ya tsallake ta, saboda abin da nake son ji shi na karanta. Kin miƙo mini hannu daga cikin rijiya, ni kuwa na kira makaɗa na tara miki mutane a baki.

Na jira Gofur ya yi dariya, don wannan rana tasa ce. Bai yi ba. Da muka fito ya riƙe mini fitila a kan hanyar gona, can ya ce, "Hashmot, ni ma na gama da zane shekara tara ke nan. Ba wanda ya lura, don hannuna bai tsaya ba."

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba, kina ƙarama lokacin. Da kakarki Joytun, Didarki, ta rasu, damina uku ban zana ko ido ɗaya ba. Ita ke daka mini kurkum na launi, ita ke kankaro baƙin tukunya, ita ke yi mini amshi. Nakan shimfiɗa takarda da safe, in naɗe ta da yamma fara sol. Mutane suna cewa ai Hashmot babban aiki yake shiryawa. Saboda haka na san wurin da kike zaune.

Maganar tikiti da sabuwar riga ki bar mini, ni na ƙulla, ni zan kwance. Ba na neman zane a wurinki, ba na neman waƙa. Ki rubuto mini abin da ke akwai, duka, da manyan haruffa. Da yatsa zan karanta.

Kakanki mai neman gafara,
Hashmot

Delhi, 15 ga watan Ashwin

Dadu,

Ina gaisuwa. Ba ka yi mini laifi ba. Ni ce na ɓoye maganar a cikin harafi biyu, don ina tsoron faɗinta da babbar murya. Da wasiƙarka ta murna ta zo, sai na ji an rufe ƙofar da ta rage mini. In ce wa mutum goma sha ɗaya su mayar da tikiti? In ce wa Ma kifin da ta raba na ƙarya ne?

Ga abin da ke akwai. Shekara biyu ina zana wa shagon Madam kifi. Ƙanana, daidai girman gilashin da ake rataye wa a falo. Na daina ƙirga su. Kifina ya shiga gilashi, ya manta ɗanɗanon ruwa. Da na fara zuwa nakan rera in ina aiki, sai mai ɗakin da ke jikin nawa ya riƙa buga bango. A gidan nunin kuma Madam ta ce mini, da murmushinta, "Tuhina, a nan bango ne ke magana, mai zane shiru yake yi." Ba muguwa ba ce, abin da ake saya ta sani. Sai na rufe bakina. Hannun ya ci gaba da kansa na wani lokaci, kamar kazar da aka yanka.

Da ta ce in yi goma sha biyu nawa na kaina, na zauna in yi, sai na tarar babu komai. Taga ɗaya ce a ɗakina, ba ta nuna mini kowa, bangon maƙwabta take kallo. Na jiƙa launi ya bushe a ƙoƙo, na sake jiƙawa. Ni da farar takarda, kowa ya ƙi fara gaisuwa.

Saura abu mafi muni. Ba albarka nake nema da pat ɗinka ba. Na yi niyyar in yanka shi gida goma sha biyu, in kwafi kowane gida da hannuna, in sa sunana. Ba wanda zai gane a nan. Na ɗauko almakashi, na kifa shi don in yanka ta baya, sai ga shuɗin zanin Dida, wanda ka manna masa don ya yi ƙarfi. Har ƙonar da ya yi a bakin murhu tana nan. Na ajiye almakashin. Ban yanka ba, amma ban zana ba. Ba na iya zuwa gaba, ba na iya dawowa gida hannu biyu. Kwana ashirin da wani abu suka rage kafin Madam ta turo a ɗauki aikin.

Ka ce in faɗi duka. Shi ke nan.

Tuni

Shimulgeria, 23 ga watan Ashwin

Tuni,

Gaisuwa. Muna lafiya, an fara ganin kan shinkafa a gona.

Na karanta da yatsa, sau uku, a fili, ina zaune a bakin tafki inda ba kowa. A karo na uku sai na ji wani abu. Ni ba na iya karatu da sauri, dole in ja kowace kalma, kuma da na ja wasu layukan naki sai suka ƙi zama magana. Uwarki tana wanke tukwane can gefe, ta ɗago ta ce, "Baba, wace sabuwar waƙa ce wannan? Ta sa tsikar jikina ta tashi." Na ce ba waƙa ba ce, wasiƙa ce. Ta ce, "To wasiƙar tana da kari."

Ga su nan, ban ƙara ko ɗigo ba, jera su kawai na yi:

Taga ɗaya ce a ɗakina, ba ta nuna mini kowa,
Ni da farar takarda, kowa ya ƙi fara gaisuwa,
Kifina ya shiga gilashi, ya manta ɗanɗanon ruwa.

Kin ce babu komai. Wannan na wane ne? Ba na ubana ba ne, ba nawa ba ne, ba a taɓa rera shi a Shimulgeria ba.

Ni ma haka na fita daga tawa. Wata rana ina wanka ina yi wa Joytun faɗa, ta tafi ba ta nuna mini inda ta ajiye ƙaron haɗa launi ba, ta bar ni da surukai. Ina cikin faɗan na ji ya hau kari. Washegari na zana ta. Ban san wata dabara ba bayan wannan. Ban ce ke ma haka za ta yi miki ba. Na dai ce ki buɗe baki. In mai ɗakin ya buga bango, ki ɗauka ganga ce aka ba ki kyauta.

Maganar almakashi, pat ɗin naki ne, ko kin yanka ba zan tsine miki ba. Amma ambaliyar tawa ce, ni na ga shanu suna iyo. Ke ba ki gan su ba, hannunki zai faɗi haka ko da bakinki bai faɗa ba.

Na tara mutanen tikiti na faɗa musu gaskiya, cewa kakanki ya yi tuntuɓe da harafi biyu. An yi mini dariya yadda ya kamata. Yanzu in na wuce sai a ce, "Ga Malam Da nan." Na karɓa, na cancanta.

A cikin ƙunshin nan akwai ɗaya zanin Didarki, kore, wanda na hana kowa taɓawa shekara goma sha tara. In kin yi abin da ke bukatar baya, ki manna masa. In ba ki yi ba, ki lulluɓa da shi, an ce sanyin can ba shi da mutunci.

Kakanki

Delhi, 19 ga watan Kartik

Dadu,

Gaisuwa da girmamawa. Ka yi haƙuri da shirun, hannuna ne bai samu sarari ba. Tafin hannuna duk kurkum, tari kuma ya kama ni, amma da sauƙi.

Kwana huɗu ina rera layukan nan uku kamar mahaukaciya, ban taɓa burushi ba. Mai ɗakin ya buga bango har ya gaji. A na biyar layi na huɗu ya zo, sai na haɗa takardun nan goma sha biyu baki da baki na ɗinke su, suka zama pat ɗaya, kamu ashirin da biyu. Ba duka ne ya yi kyau ba. Gida na shida har yanzu ba na son kallonsa.

Madam ta zo da kanta. Na warware mata ina rerawa, ta tsaya har ƙarshe, ba ta duba wayarta ba. Sai ta ce, "Yana da kyau ƙwarai. Mu yanka shi gida-gida ya shiga gilashi." Na ce ba a yanka shi. Ta ce ba wanda zai sayi abin da sai an rera masa. Na ce na sani. Ta ba wani mai zane ɗakin, an cire sunana daga ƙofa. Ko zan ci gaba da aiki a shagon, ban sani ba tukuna, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Zan shigo jirgin ƙasa na ranar biyu ga watan Ogrohayon, kafin bikin zanen ƙauye. Ka ce wa mutum goma sha ɗayan ba sai sun zo ba, ni zan zo musu. Ina bukatar mai riƙe mini ɗaya bakin pat ɗin da mai amshi. A gida na tara akwai wani tsoho da yatsansa a kan takarda. Hancinsa ya ɗan yi girma.

Dadu, na gama zane.

Tuni

Shimulgeria, 26 ga watan Kartik

Tuni, 'yar albarka,

Muna lafiya, an fara girbi. Ki sha citta da zuma don tarin, mai waƙa ba ta wasa da maƙogwaro.

Na ji zafin sunan da aka cire daga ƙofa, ba zan yi miki ƙarya ba, na riga na saba da shi a zuciyata. Tsoron da kike ji ma ban da maganinsa. Ki zo mu zauna, shinkafa dai akwai.

Layinki na ƙarshe kuwa, ban yarda da idona ba. Na sa yatsa na bi shi sau biyar. Na ɗaga takardar a rana ko wani abu ya ɓuya tsakanin kalmomin. Na kai wa Malama Shefali, ta duba, ta ce babu. Gofur ya fizge ya ce shi bai yarda da mu duka ba, ya sa tabaransa mai ƙafa ɗaya ya bi layin da yatsansa mai mai, ya ɓata mini takarda. Can ya ce, "Babu ita, Malam Da. Yi tsallenka." Ya ce shi zai riƙe ɗaya bakin, in har za ki yarda da hannun mai fenta buta.

Amshi nawa ne, kada ki ba kowa. Farar rigar tana nan a akwati ban sa ba, a tasha za ki gan ta. Maganar hanci kuma sai na gani da idona.

Wannan karon ban gaya wa kowa ba sai bayan azahar.

Kakanki,
Hashmot Chitrakar